Eriyar da Baba Tanimu Ya Sa a Baibai

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata, a shagona da ke bakin hanyar Kano a Gwarzo, mu uku ne: ni, da Ɗanladi tela wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, da Injiniya Rakiya 'yar Kabo, wadda na daɗe ina gyara wa mahaifinta rediyo. Akwai kuma akuyar maƙwabta a bakin ƙofa. Ita kaɗai ce ba ta faɗi shirme ba a ranar.

Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, Injiniya ta buɗe jaka ta ajiye wani ƙyalle a kan teburina, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta ce, "Baba Habu, me ka gani?"

Na ce, "Faci."

Ɗanladi ya miƙo wuya ya ce, "Facin ma na makaho. Wa ya yi wannan ɗinkin, Allah ya shirye shi?"

Ta ce, "Ni ce, Malam Ɗanladi. Kuma ba faci ba ne, eriya ce."

Ɗanladi ya ce, "To, Allah ya ƙara basira," ya janye wuyansa.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa shagona da takardun makaranta a hannu. Kowannenku in ya ɗaga ƙyallen nan sai ya ce, "Baba, wannan ai kwana biyu na iya." Ni ma na ce faci ne, amma ni na faɗa bayan shekara talatin ina hawa rufin mutane, kuma na ci gyara. Ku zauna ku ji yadda abin yake, bi da bi, kada wanda ya tsallake layi.

Na koyi aiki a wurin marigayi Mamman Rediyo. Shekarar farko ban taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina hawa rufi in rungumi bututun eriya ina juyawa, shi yana ɗaki gaban talabijin yana ihu: "Juya! Ƙara! Ya yi! Ka wuce, jaki, dawo!" Abu biyu ya dasa mini da rankwashi. Na ɗaya, eriya tana da fuska tana da ƙeya kamar mutum, kuma ba ta magana da ƙeya. Na biyu, ba ta son maƙwabci. Kwanon rufi, jiƙaƙƙen bango, bishiya, duk suna ɓata mata rai, amma babu wanda ta tsana kamar ɗan Adam. Yakan sa ni in kama eriyar rediyo da hannu, murya ta canza, ya ce, "Ka ji? Kai randar ruwan gishiri ce mai tafiya da ƙafa biyu. Abin da ya fito daga eriya, jikinka shanye shi yake yi."

Daga baya farantin satilayit ya kashe eriyar rufi, waya ta kashe rediyo, na koma canza wa wayoyi bakin caji ina jin hirar yara a kan ƙwallo. A haka Injiniya ta same ni. Abin da take so shi ne wannan: a ɗauki abin da ya fi tsanar jikin mutum, a manna shi a jikin mutum, ya yi aiki, kuma kada ya cuci mai shi.

Dattawa ne a ƙauyukan Durun, can ƙasar Kabo, masu ciwon zuciya, manoma, waɗanda ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su. Likita ya ce da za a riƙa jin bugun zuciyarsu daga nesa, da an ceci wasu. Sai aka tsara abu uku. Ɗamara a ƙirji mai sauraron zuciya. Ƙaramin akwati kamar na ashana a jikin ɗamarar, a ƙarƙashin hammata, shi ke ɗauke da batir. Sai riga 'yar shara mai eriya a bayan kafaɗa, wadda siririyar waya ke haɗa ta da akwatin ta wani maɓalli a gefen ɗinki. Akwati ya ji, eriya ta aika wa ƙarfen sabis, saƙo ya faɗo a wayar malamin asibitin da ke kula da su. Ɗamara da akwati na wasu ne a Kano. Eriya tamu ce.

Hawa uku gare ta. A sama akwai fuska, wani yadi da aka saƙa da zaren jan ƙarfe. A tsakiya katifa, ƙyalle mai kauri irin na bargo. A ƙasa garkuwa, ita ma yadin jan ƙarfe ce amma ta fi fuska faɗi, kuma ita ke kallon jiki. Garkuwa ce ke tare abin da eriya ke fitarwa ta mayar da shi waje. Ku riƙe wannan: fuska waje, garkuwa jiki. Labarin nan gaba ɗaya a kan wannan layin yake.

Injiniya ke zana awo a kwamfuta. Ni nake yankawa, da reza sabuwa da rula ta ƙarfe a kan gilashi. Almakashi ba ya shiga wannan aikin. In ka kauce da kaurin farce, eriya ta bar tashar da aka yi ta dominta, ta tafi sauraron aljanu. Dalma a kan yadi kuwa, taɓawa ɗaya ce ka ɗauke hannu. Guda bakwai na ƙona kafin in iya, Ɗanladi yana ƙirgawa da ƙarfi ta bayan bango. Shi ma bai tsira ba. Ta farko da ya ɗinka, don ta zauna daram sai ya soke ta da fil ya manta shi a ciki, fil ya haɗa fuska da garkuwa, eriya ta mutu murus. Muka yini muna neman laifi a kwamfuta. Da na zaro fil ɗin na nuna masa, cewa ya yi, "To ai ba a gaya mini tana da ƙyanƙyami ba."

Gwaji ma da tsarinsa, kuma ba na yarda a sauya shi. Farko a shimfiɗe a kan tebur, a haɗa ta da na'urar awo. Sannan a lanƙwasa ta a jikin kwalba da bayan ƙwarya, don kafaɗa ba allo ba ce. Sannan a fesa mata ruwan gishiri a madadin gumi. Sannan a ɗora ta a kan naman ƙarya, wato ruwa da gishiri da sukari da Injiniya ke aunawa ta dama a roba, wai haka naman mutum yake a idon eriya. Ƙudan Gwarzo sun yarda da wannan binciken ɗari bisa ɗari. Bayan nan sai ta tafi da ita Kano, inda ake da injin auna yawan abin da jiki ke sha. Akwai iyakar da masana suka gindaya, mu kuma muna tsayawa can ƙasa da ita. Na ƙarshe, ni nake sa rigar mako guda. In hau babur da ita, in yi ruku'u da sujada da ita. A nan muka gane ƙirji da ciki ba wurin eriya ba ne, duk raka'a sai ta naɗe. Bayan kafaɗa ne kawai ke zama lafiya daga kabbara zuwa sallama. Wannan babu shi a kwamfutar Injiniya, ni na kawo shi, a rubuta.

Riga goma sha biyu muka fara kaiwa Durun, farare sol, na farin yadi mara ado. Babban dattijon cikinsu shi ne Baba Tanimu, siriri, mai gajeren gemu, wanda bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi. Ya ɗaga rigar da yatsa biyu ya ce, "Yarinya, likkafanin ne kuka kawo tun ina da sauran numfashi? Ai da kun haɗo da turare." Sauran suka fashe da dariya. Ko ɗaya ba a karɓa ba.

A hanyar dawowa Ɗanladi ya ce, "Kun ga illar barin masu gyaran rediyo su zaɓi yadi. Ku bar ni da su." Ya samo shadda ruwan sararin samaniya, ya yi wa kowace aiki a wuya, ya goge ɗinkin ciki tsaf yadda ko zare ɗaya ba ya sukar fata. Na sake bin gwajin tun daga tebur har zuwa kafaɗata, komai daidai. Na sa hannu. Da muka koma, har rigima aka yi a kan wa zai fara zaɓa. Baba Tanimu ya sa tasa, ya juya hagu ya juya dama, ya ce wa matarsa, "Delu, ki kama kanki, yau sai an yi zawarcina."

Duk rani saƙo yana zuwa lafiya. Muna ta yabon kanmu.

Da ruwa ya sauka aka shiga noma, sai malamin asibiti ya bugo. Riguna biyar a cikin sha biyun, har da ta Baba Tanimu, kullum suna yin shiru wajen ƙarfe bakwai na safe, ba sa dawowa sai bayan azahar. Batir kuma yana ƙarewa da wuri, wasu sun ce akwatin yana ɗumi.

Ga abin da na yi, kuma ina so ku ga wautar da ke cikinsa duk da tsarinsa. Na zargi gumi, na sa aka turo riga biyu, na jiƙa su sharkaf, suka yi aiki. Na zargi sabis, malamin asibiti ya ce wayarsa tana kamawa a duk gonakin nan. Na zargi maɓalli, na canza. Na zargi batir, na canza. Na zargi Ɗanladi, saboda a ƙa'ida sai an zarge shi, na farke riga ɗaya ban sami ko fil ba. Mako uku ina zaune a Gwarzo ina duba kamar boka. Durun ba ta da nisa. Ban je ba, saboda a ganina ciwon eriya a kan tebur ake gano shi.

A mako na huɗu Baba Tanimu ya faɗi a gona. Inna Delu ce ta kai masa fura da hantsi ta tarar da shi kwance tsakanin kunya biyu, yana numfashi da ƙyar. Ta fizge rigar ta yayyafa masa ruwa, ta yi kururuwa, aka ɗora shi a babur. Allah ya yi da sauran kwana. Amma wayar malamin asibiti ba ta ce uffan ba. An yi rigar don wannan sa'ar guda, sa'ar ta zo, rigar ta yi gum. Kafin la'asar magana ta zagaye ƙauye cewa rigar 'yan boko jini take tsotsa.

Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ta sake faruwa ba a kai gare shi da wuri ba, sai dai haƙuri. Ya hana shi noma. Baba Tanimu ya ce likitan ya zo ya yi masa maimai, in ya so shi sai ya kwanta. Wata guda bai cika ba ya koma gona. Rigar kuwa bai daina sawa ba. Da aka ce masa tana tsotsar jini, cewa ya yi shadda irin wannan ko tana tsotsa ta biya kuɗinta.

Sai a nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na yi sallar asuba na hau babur, ƙarfe shida da rabi ina ƙofar gidansa. Muka gaisa, na yi masa ya jiki, na duba rigar a jikinsa: fuska waje, maɓalli a rufe, komai daidai. Na ce zan raka shi gona.

Ya ce, "Ka iya riƙe fartanya, ko kallo ka zo kamar malamin gona?"

Na ce, "Kallo, Baba."

Ya ce, "Na sani. Hannunka kamar na amarya."

Muka isa bakin gona, gindin wata ɗorawa. Ya jingine fartanya. Ya ɓalle maɓalli, ya tuɓe rigar, ya zura hannu ya juya ta baibai, ya karkaɗe, ya mayar jikinsa, ya lalubo maɓallin ya danna. Da yake a gefen ɗinki muka sa shi, ta kowane ɓangare rufuwa yake. Na duba agogo: bakwai saura minti biyar.

Na ce, "Baba, me ka yi yanzu?"

Ya ce, "Me na yi?"

"Ka juya rigar."

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ake shuka da damina. "Kai Habu, a garinku da fuskar shadda ake noma? Rana ta cinye launi, ƙasa ta shiga aikin wuya, ranar Juma'a in tafi masallaci da me? Riga mai kyau in za a yi aiki baibai ake sa ta, in an tashi a juyo ta. Haka ubana ya yi, haka kakana. Ɗaga ido ka gani."

Na ɗaga. A gonar gabas ga wani, a ta kudu ga wani, duk cikin rigunanmu, duk a baibai, suna ɗago mini hannu.

Wato tun saukar ruwa, kullum awa shida, garkuwa tana tsaron sararin sama, fuskar eriya kuma tana manne da kafaɗar Baba Tanimu. Akwatin nan kuwa taurin kai gare shi, in ya aika bai ji amsa ba sai ya ƙara murya. Shi ya sa batir ke ƙarewa. Duk ihun da yake yi a cikin naman dattijo yake yin sa. Injiniya ta kai riga Kano ta auna ta a juye, ta dawo ba ta ko zauna ba ta ce, "Baba Habu, mun haura iyaka." Ba wai za ta dafa mutum kamar dankali ba, kuma likita ya tabbatar ba ita ta kayar da shi ba, zuciyar dama da ciwonta. Amma iyaka iyaka ce, kuma shirun da ta yi namu ne. A ranar muka karɓe rigunan duka.

Kashegari ƙarfe huɗu da rabi muka zauna a tsakar gidan Baba Tanimu: ni, Injiniya, Ɗanladi, da mai gidan. Inna Delu tana gefe tana tankaɗe, ba a sa da ita ba.

Na ce a rubuta "waje" da "ciki" a jikin rigar, da boko da ajami.

Baba ya ce, "Ai na san waje da ciki, Habu, ban haukace ba. Da gangan nake yi."

Injiniya ta ce za a iya sa akwatin ya riƙa ƙara in an juya riga, amma sai an koma wurin masu haɗa shi, wata uku ko huɗu.

Baba ya ce, "Kafin nan na yi girbi, ko an girbe ni."

Ɗanladi ya ce, "A yi mata babban aljihu a gaba. Ba mai juya aljihunsa."

Baba ya ce, "Madalla da tela! Aljihu a ciki ai ya fi tsaro."

Na ce to ya yi mana alkawari kawai ba zai ƙara juyawa ba. Ya ce ya yi. Inna Delu ta yi tsaki ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Alkawarin Malam? Shekara nawa yana yi mini alkawarin barin goro? Ku dai ba ku san maza ba, ke ma 'yata boko ya cinye ki. Ku yi wa rigar shafi da atamfa. Irin tawa mai manyan jajayen furannin nan."

Baba ya ce, "Delu!"

Ta ce, "Shekara arba'in, ko zanena iska ta kayar daga igiya, in da mutane a wurin ba ya ɗagawa, sai dai ya kira ni. Ku sa masa furanni a ciki ku gani in zai juyo su waje a gonar da ke bakin hanya."

Ɗanladi ya soma dariya har ya faɗo daga kan turmi. Baba Tanimu ya ce wannan cin amana ne, kuma a gidansa, kuma da garin tuwonsa a hannunta.

Ba mu ɗinka washegari ba, kada ku ɗauka. Shafi ƙarin hawa ne tsakanin garkuwa da fata, don haka aka koma tebur, aka koma kwalba da ƙwarya, ruwan gishiri, naman ƙarya, Kano, sannan kafaɗata. Mako guda na yi ina yawo a Gwarzo da furanni a ƙarƙashin riga, Ɗanladi yana kirana Hajiya. Maɓallin ma na mayar da shi ciki, inda ba ya rufuwa sai ta fuska ɗaya. Ranar da muka mayar da rigunan, dattawa suka leƙa ciki, suka dubi juna, kowa ya zura tasa. Tun daga ranar saƙo bai ƙara yankewa da safe ba. Shaddar ta koɗe, aikin wuya ya yi ƙasa-ƙasa, suna ta ƙorafi, mu kuwa ko a jikinmu.

Da kaka, ana yankan dawa, ƙarfe sha ɗaya da minti biyar na safe, wayar malamin asibiti ta yi ƙara: Baba Tanimu. Malamin ya bar abin da yake yi ya hau babur. Ya same shi a zaune gindin ɗorawar nan, ya dafe ƙirji, gumi yana zuba, mutanen gonakin kusa ko lura ba su yi ba. Ya ba shi maganin da likita ya tanada, jama'a suka taru, aka tsayar da mota. Malamin ya kama rigar zai cire don ya auna shi sosai. Baba Tanimu, wanda ko magana ba ya iya yi da kyau, ya damƙe gefen rigar da hannu biyu ya ce, "Ba a nan ba. Ku kai ni ɗaki tukuna."

Yana nan da ransa. Bana ma ya yi noma, likita ya gaji ya sa masa ido.

Ga roƙona gare ka, kai mai karatu, ko kana koyon wannan aikin ko hanya ce kawai ta bi da kai. In za ka yi wa mutum abin da zai sa a jikinsa, kafin ka taɓa reza ka tashi da asuba ka bi shi inda yake yini, ka zauna ka yi shiru har azahar. In kuma wata rana ka bi ta Durun ka hango dattijo a gona da jajayen furanni a gadon bayansa, kada ka wuce. Ka tsayar da babur, ka cire takalmi, ka gaishe shi da ladabi har ƙasa, sannan ka ɗaga murya yadda na gonar gaba zai ji, ka tambaye shi inda Hajiya ta sayi atamfar.